Itace a Gonar Aro

Ruwan farko na bana ya sauko gab da la'asar, irin ruwan Jos ɗin nan da ba ya sallama. Ina tsugune a tsakar gidanmu a Ali Kazaure, na kwance injin ban-ruwa ina wanke masa ciki, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Kafin in tattara sufanuna kwanon ɗaki ya fara kiɗa. 'Yata Ummi, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta fake a bakin ƙofa tana latsa waya. Ta ce gwamnati za ta raba wa masu lambu famfon da hasken rana ke tuƙawa, wai ma a ƙasar nan ake harhaɗa shi, fom kawai za a cika.

"Baba, kai da kullum kake kukan fetur, ga sauƙi ya zo. In cika maka?"

Na ce, "Tsaya tukuna. Kafa shi ake yi a gona da siminti, ko kuwa ana ɗauko shi a dawo da shi gida?"

Uwarta Hajara, da ke jera bokitai a ƙarƙashin indararo, ta tuntsire da dariya ta ce, "Rabu da babanki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Ummi tana 'yar shekara tara lokacin da abin ya faru. Abin da ta riƙe kawai shi ne an yi wata damina da muka sha gwate har ya fita ranmu. Ni kuwa na riƙe sauran.

Ni da ƙarfe na tashi. Shekara goma sha shida na yi ina gyaran injuna a wata masana'antar gwamnati a garin nan, ina dawowa gida da giris har a bayan kunne. Ban yi karatun injiniya ba, amma 'yan unguwa suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba. A farkon shekarun dubu biyu aka ce za a sayar da masana'antar don ta fi tafiya daidai. Aka sallame mu, aka sa kwaɗo a ƙofa. Na fi shekara ina farkawa daidai lokacin da jiniya ke busawa, in zauna a bakin gado ba ni da inda zan je.

Abin da ya rufa mana asiri gonar mahaifina ce, wadda a gaskiya ba tasa ba ce. Mahaifina Garba haƙar kuza ta kawo shi Jos, a ramin kuza kuma ya haɗu da Baba Azi, mutumin ƙasar nan tun kaka da kakanni, Kirista, dogo, mai dariyar da ake ji daga tsallaken rafi. Da kuza ta mutu, Baba Azi ya ara masa wani fili a bayan Tina Junction, a bakin kududdufin da haƙa ta bari. Babu takarda tsakaninsu. Sharaɗi biyu ne kawai, kuma duk mai gonar aro a yankin ya san su. Na farko, kwandon farko na amfanin damina na mai ƙasa ne. Na biyu, ba a dasa itace. Abin da za ka shuka ka girbe kafin shekara ta zagayo naka ne, amma wanda ya dasa itace cewa ya yi ya zo zama. Mahaifina ya shekara talatin a gonar nan ko zogale bai soka ba. Da ya rasu na kai kwando, Baba Azi ya ce in ci gaba.

Da damina muna yin dankalin turawa da masara, da rani mu ja ruwan kududdufi mu yi kabeji da karas da latas. Ba mu kwana da yunwa. Sai dai ni a raina kallon zaman jira nake yi wa noma, kamar mutumin da ke zaune a tasha yana tsammanin mota.

Motar kuwa ta zo, a cikin bazarar wata shekara can wajen ƙarshen zamanin nan da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka. Wani ma'aikacin gona, Bayarabe mazaunin Tudun Wada da muke kira Oga Femi, ya tara mu a filin makarantar firamare. Ya sa aka sauke injin niƙa daga bayan mota, ya ɗaga wata kwalba cike da wani mai kamar man gyaɗa ya nuna mana, ya tsiyaya a tanki, ya murɗa. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Hayaƙinsa ma ƙamshin suya yake yi.

"Wannan mai," in ji shi, "ba daga rijiya ya fito ba. Daga bi-ni-da-zugu ne. Wanda kuka sani, wanda ko akuya ba ya ci."

Mutane suka yi dariya, don kowa ya san shi, itacen shinge ne mai 'ya'ya masu guba. Oga Femi ya bari aka gama dariya sannan ya ce duniya ta gaji da hayaƙin fetur, gwamnati kuma ta yi tsari. Manoma za su shuka, dashe kyauta ne. Gwamnati za ta gina masana'antar matse mai a bakin gari, a riƙa zuba wa manyan motoci da janareta. Masana'antar kuma za ta buƙaci waɗanda suka san inji, kuma manoman da suka shiga tsarin su za a fara dubawa.

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Da aka miƙo fom, akwai wurin da aka ce a sa sunan mai gona. Na rubuta nawa, alƙalami bai ko yi gardama ba.

Hajara na tsince shinkafa na ba ta labari. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Ummi, ka je wurin Baba Azi?"

"Wannan ai ba itace ba ne. Tsiro ne. Shukar gwamnati ce."

"To. Tsiron nan shekara nawa yake yi a ƙasa?"

Oga Femi da bakinsa ya yi alfahari cewa itacen yana iya binne wanda ya dasa shi. Na yi kamar ban ji ta ba, na tashi na shiga alwala alhali lokacin salla da saura. Gaskiyar magana ita ce na san in na tambayi tsohon zai ce a'a, ko ya ce bari ya yi tunani, motar dashe kuwa ba za ta jira tunanin kowa ba.

Bazarar Jos ba ta kai ta Kano ba, amma wannan shekarar duwatsu sun gasu, in ka dafa su da rana sai ka janye hannu. Hadari ya yi ta haɗuwa a kan duwatsun Shere yana watsewa, har ranar da ya haƙura ya zubo. Washegari muka fita gaba ɗayanmu. Hajara da ba ta zuwa gona ta ɗaure zani a ƙugu ta zo, don ta ce in dai rami zan faɗa gara ta ga zurfinsa. Dashen yana cikin baƙar leda, ganye huɗu huɗu. Na ja igiya, na auna da tef, na jera ramuka sambal kamar ana kafa injuna. Ina haƙawa, Hajara na yage leda tana sakawa, yara na binnewa da ƙafa suna waƙa. Maƙwabtan gona da ke huɗar dankali suka riƙa miƙewa suna kallonmu.

"Injiniya, in an fara haƙo man a tuna da mu!"

"Ku dai shirya jarkoki," in ji ni.

Kashi biyu cikin uku na gonar na ba bi-ni-da-zugu. Sauran na zuba masara. Dankali ko ƙwaya ban saka ba. Bayan mako biyu Oga Femi ya kawo wani koren allo na ƙarfe, sunan shirin a sama da manyan baƙaƙe, a ƙasa an rubuta Mai Gona, Sabi'u Garba. Ni da kaina na yi wa ƙafafunsa walda, na kwaɓa siminti na kafa shi a bakin hanya. Allah ya sani na ji daɗi. Tun da aka rufe masana'anta ban ga sunana a rubuce a jikin wani abu ba.

Baba Azi ya saba duk Asabar ya dogaro sandarsa ya zo gona, ya zauna a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse yana mini tsiya, wai ina riƙe fartanya kamar sufana. Asabar ɗin da ta biyo bayan kafa allon na hango shi daga nesa tare da ɗansa Atsi, direban babbar mota, sa'ana. Tsohon bai iya karatu ba. Suka tsaya a gaban allon, na ga Atsi yana bin rubutun da yatsa yana karanta masa. Suka daɗe a tsaye, sannan suka juya. Na ce wa kaina gwiwa ce ta dame shi.

Masara ta kai ƙugu aka yi ƙanƙara. Da rana tsaka gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak, sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Yara suka fita da kofuna suna tsinta suna ihu. Ni kuwa da na isa gona na tarar da masarar kamar an bi ta da bulala, ganye a tsattsage, kara a kwance. Bi-ni-da-zugu ya zubar da ganye ya tsaya abinsa. Na ɗauka wannan alama ce ta ƙarfi. Amma wata ya wuce, wani ya biyo baya, bai wuce gwiwa ba. Ganyen da ya sake fitarwa ƙanana ne, rawaya-rawaya, kullum a takure kamar baƙon da ya zo Jos ba rigar sanyi.

Lokacin tonon dankali ya yi, kowa na tono ban da mu. Duk lungun da ka bi a unguwa ƙamshin soyayyen dankali ne, mu kuwa muka koma kan gwate. Da safe kunu ba sukari. Da rana Hajara ta ɗora tsakin masara, ta zuba yakuwa da gauta da alayyafo da ganyen kabejin da maƙwabta suka yar. A farkon damina cokali yana tsayawa a cikinsa, zuwa marka sai dai a kurɓa. Ranar da aka ga ƙashi a tukunya sai an yi rabon faɗa. Kananzir ya yi wuya, muka koma icce, iccen kuma a jiƙe, hayaƙi ya cika gida kowa na hawaye. Hajara ta kan leƙo daga madafa tana fifita wuta da murfin tukunya ta ce, "Injiniya, a ɗan matso mana man nan mu ƙarasa girki."

Marka ta shekarar ta yi tsawo. Sai a kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, wanki ya yi tsami a kan igiya, bango ya yi gumi, gishiri ya narke a kwalba. Yara na tafiya makaranta da ƙafa, leda a ka, rigunan sanyi na gwanjo har biyu biyu. Amma ba zan yi ƙarya in ce baƙin ciki muka yi ta yi ba. Bayan magariba mukan kewaye kaskon gawayi, a gasa 'yan masarar da ƙanƙara ta bari, a kakkarya kowa ya samu guntu, rediyo na magana ba mai sauraro. Ina koya musu yadda inji ke numfashi, da gwangwanin madara da tsinke. Duk shekarun da na yi ina bin jiniya ban zauna da 'ya'yana kamar a wannan daminar ba. Yanzu akwai gas a madafa da fitilar sola a kowane ɗaki, kowa kuma yana ɗakinsa da wayarsa.

Abin da ke cina a rai kwando ne. Lokacinsa ya yi, ba ni da abin zubawa. Sai na yi dabara irin ta marar gaskiya, na je kasuwa na sayo dankali mai kyau, na cika kwandon mahaifina na ɗora a bayan acaɓa. Gidan Baba Azi yana cikin shingen ƙerana, na same shi a ƙofar ɗaki yana jin ɗumi, Atsi na gefe yana gyaran fitila. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Ya ɗauki dankali ɗaya, ya murza da babban yatsa, ya duba yatsan.

"Ɗan Garba, wannan ƙasa ja ne. Ƙasa nawa fari ne, wanda kuza ya wanke. Ka kai wa mai shi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Atsi ya ajiye fitila ya ce, "Haka ake yi ai. Yau itace, gobe allo, jibi takarda. Gata a ce mu ne baƙi a gonan kakanmu. Baba, na gaya maka ka karɓi abinka."

Tsohon ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya dube ni ya ce, "In damina ya wuce, za mu zauna."

Wanda ya zauna a Jos a shekarun nan, ya ga rikicin da muka gani a farkonsu, ya san maganar ƙasa ba abar wasa ba ce. Unguwanni sun rabu, akwai hanyoyin da mutum ya daina bi. Duk da haka ni ban taɓa fasa zuwa gidan nan ba, su ma ba su taɓa rufe mini ƙofa ba. Yanzu ga shi da hannuna na ba Atsi hujja. In gonar ta tafi, babu kabejin rani, babu abin da zan sa a bakin yara shida. Na dawo da kwandon gida. Yara suka yi murna an soya dankali, ni na ce cikina ne ba daɗi.

Da farko ba kunya na ji ba, fushi na yi. Na ce ai gwamnati ce a bayana, in masana'anta ta tashi wa ke ta gonar aro. Na hau acaɓa har bakin gari in ga inda aka kwana. Na tarar da katanga, da harsashin gini da ciyawa ta rufe, da wata mata tana kiwon tumaki a ciki. Na tambaye ta ma'aikata, ta ce ita dai tun da ta fara zuwa ba ta ga kowa ba.

Azumi ya kama a ƙarshen damina. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, don gari a lumshe yake kullum, amma yunwa da sanyi suka haɗa kai. A sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai bibbiyu, sannan gwate ya biyo baya. A cikin goman tsakiya Oga Femi ya zo gona da takalmin roba da abin awo. Ya auna itace biyar, ya rubuta, ya rufe littafin ya zauna a kan dutsen Baba Azi.

"Oga Injiniya, ba zan ɓoye maka ba. Wannan itace zafi yake so. Sanyin Jos ya fi ƙarfin shi. Na rubuta musu tun farko, aka ce kowane jiha sai ya samu rabon shi. Yanzu an ce a mai da shirin ƙasa, inda akwai zafi."

"Masana'antar fa?"

Ya buɗe hannuwa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma ya yarda da abin kamar yadda na yarda, idonsa ma ya kasa haɗuwa da nawa. Na ce to allon fa, za su zo su ɗauka? Ya ce, "Allo naka ne, oga."

Na koma gida na ɗauki adda da diga zan koma in sare itatuwan duka kafin a sha ruwa. Hajara ta tsaya a ƙofar zaure, ludayi a hannu.

"Ina zuwa?"

"Zan share wa Baba Azi gonarsa. Ya ga ba na son komai nasa."

"Ka dasa ba ka tambaya ba, yanzu kuma za ka sare ba ka tambaya ba? Tun ranar da saiwarsa ta kama ƙasar Baba ai ya tashi daga naka. Ka taɓa ganin ɗan aro ya sare itace?" Ta karɓi addar ta bar mini digar. "Allon ne naka. Shi za ka cire. Kuma ba bola za ka kai shi ba."

Shekara ashirin da aure a lokacin, ban taɓa yin galaba a kanta a gardama ba, ranar ma ban gwada ba.

Da safe na tone allon. Simintin da na kwaɓa da alfahari ya ƙi rabuwa da ƙafafun, dole na haɗa da shi. Duk ɗan acaɓar da na tsayar sai ya dubi kayan ya ƙara wuta. Na naɗa gammo na ɗora shi a ka, da azumi a bakina, yayyafi na kiɗa a kan ƙarfe. Sai da na ratsa Tina Junction a haka, masu gasa masara da 'yan kamasho suna kallo. Wani da ya san ni ya ɗaga murya, "Injiniya, kwangila aka samu ne?" Na ce, "Babba ma kuwa." Wuyana ya yi mako yana tuna mini.

Na kifa allon a gaban Baba Azi, rubutun yana kallon ƙasa, na tsuguna. Na ce, "Baba, na yi laifi. Na san doka, na taka ta ina sane. Ban zo da wani dalili ba."

Ya daɗe yana kallon bayan allon. Matarsa ta kawo mini ruwa a kofi, ta tuna ina azumi, ta ce in yi haƙuri ta mayar. Can ya ce, "Jibi da safe, a gona. Ka zo da diga. Ka kira mutum biyu naka, ni ma zan kira biyu nawa." Shaidu dai ana kiransu ranar ba da gona, ana kuma kiransu ranar karɓe ta. Kwana biyun nan ko gwaten ban iya sha ba.

Ranar gari ya waye tas, rana ta fito a karo na farko cikin mako guda, ciyawa na tururi. Na zo da maƙwabtan gona biyu, ya zo da dattawa biyu da Atsi. Aka tsaya a bakin ramin da allon ya bari. Atsi ne ya fara magana, ya ce kafin a ce komai yana so in faɗa da bakina, kowa ya ji, gonar ta wa ce.

Na ce, "Gonar nan ta Baba Azi ce, ta 'ya'yansa ce. Aro aka ba ubana, ni ma aro nake ci."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Babanka shekara talatin a nan, bai taɓa faɗi wannan magana ba. Ba wanda ya taɓa tambayan shi."

Da ya zabga mini sandarsa da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina jiran sauran. Sai ya nuna layukan nan nawa da na ja da igiya ya ce a tono su da saiwarsu, kar a ji wa ko ɗaya ciwo, a kuma haƙa ramuka a bin iyakar gona tun daga bakin kududdufi har hanya. Ba wanda ya gane nufinsa sai da aka kawo na farko. Ya ba Atsi sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya karɓi itacen ya saka a rami da hannunsa, ya riƙe shi a tsaye ya ce mini, "Binne."

Haka muka yi ta yi. Ni da Atsi muna tono muna haƙa, tsohon na sakawa yana riƙewa, ba ya yarda kowa ya taɓa sai ƙasa ta rufe. Ruwan itacen ya ɓata masa riga, in ya yi goma sai ya zauna ya huta. Dattawan suka ce ya bari ɗansa ya ƙarasa, ya ce hannun da ya dasa shi ne mai itace, nasa kuma bai mutu ba tukuna. Safiya uku muka yi. Tun ana aiki ba magana tsakanina da Atsi, har ya fara ce mini in matsa in huta tunda ina azumi, ni kuma ina ce masa direba bai san diga ba.

A safiya ta uku, saura kaɗan mu kai hanya, Baba Azi ya miƙe ya dafa ƙugu, ya kira ɗansa da sunansa a gaban mutanen nan huɗu.

"Atsi, in na mutu, wannan shinge zai nuna maka iyakan gona nawa. Amma ba zai gaya maka wa zai noma shi ba. Shi ya sa nake gaya maka yanzu da baki nawa. Ɗan Garba ne."

Ina tsaye da ƙasa har gwiwa, ƙato da ni, hawaye na zuba ban iya ɓoyewa ba. Atsi ya dube ni, ya dubi ubansa, ya miƙo mini digar ya ce, "Oga Injiniya, saura rami bakwai."

Ranin shekarar mun yi kabejin da sai da hannu biyu ake ɗaga ɗaya. Shingen yana nan, a hankali a hankali ya fi ni tsawo, bai taɓa tuƙa ko injin markaɗe ba, amma akuya ba ta shiga gonar, Hajara kuma tana sabulu da 'yan 'ya'yan da yake yi. Baba Azi ya rasu damina biyu bayan nan, na je na tsaya a bakin kabarinsa tare da 'ya'yansa. Atsi ne mai gona yanzu, furfura ta cika masa kai kamar ni, kuma har yau bai taɓa sa na sake faɗar gonar ta wa ce ba.